Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce: wanne za a fara saya wa yaron da ya tashi a Abuja?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗanki mai shekara 11, wanda aka haifa a nan Abuja, yana jin Hausa yana kuma mayarwa, amma bai taɓa zama ya karanta littafin Hausa ba, saboda a makarantarsu ta Kubwa da Turanci ake komai. Kin nemi shawara a kan littafin da za ki fara saya masa, sai ra'ayin 'yan'uwa ya rabu biyu: wasu suka ce Ruwan Bagaja, domin siriri ne ba zai gajiyar da shi ba, wasu kuma suka ce Magana Jari Ce. Kin kuma tambaya ko kwafin da ake turawa ta waya ya wadatar, ko lalle sai kin nemi na takarda. A ganina ki fara masa da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, na takarda, ki jinkirta Ruwan Bagaja zuwa nan da shekara biyu ko uku.

Littattafan biyu na mutum ɗaya ne, wato Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981, amma dalilin rubuta su ya bambanta, kuma daga nan ne sauran bambance-bambancen suka samo asali. Ruwan Bagaja ya rubuta shi ne domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya, a lokacin Imam yana saurayi mai shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Wannan gasa ce ta fito da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin ya biyo sahunsu. Magana Jari Ce kuwa aikin kiranye ne: ganin gwanintarsa ya sa aka nemi aronsa zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta littattafan karatu na 'yan makaranta, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya sake musu kama har suka zama kamar a ƙasar Hausa aka haife su, suka fito a juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Saboda haka na farkon rubutun saurayi ne mai son nuna wa manya iya barkwancinsa da zurfin hikimarsa, na biyun kuwa tun fil'azal an yi shi ne da ɗalibi a zuciya.

Waɗanda suka zaɓi Ruwan Bagaja saboda ƙanƙantarsa sun duba kaurin littafin ne, ba su duba yadda aka ƙulla labarin ba. Labari ne guda ɗaya mai tsawo, na wani mai suna Alhaji Imam wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta ratsa garuruwa shekara da shekaru, yana karo da abokin gabarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowannensu yana rama abin da ɗayan ya yi masa a garin baya. Daɗin kowane babi yana rataye ne da tuna wanda ya gabace shi, domin ramuwar gayya ba ta da armashi ga wanda ya manta gayyar. Yaron da ke karanta shafi ɗaya a cikin minti goma, yana tuntuɓe a kan kalmomi, kafin ya kai inda Zurƙe zai rama ya riga ya manta abin da aka yi masa.

Magana Jari Ce ba haka take ba. Akwai babban labari da ya riƙe littafin, wato na Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji da ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, da Wazirin da ke ƙulla makircin halaka yaron, da akun da ke tsare shi da labarai kowane dare har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarko. A cikin wannan babban labari ne aka jera gajerun labarai, kowanne da farkonsa da ƙarshensa, wasu ba su wuce shafi biyu ko uku ba. Amfanin wannan tsari ga mai koyon karatu babba ne, domin yaro zai gama labari ɗaya a zama guda, ya tashi yana jin ya kammala wani abu, sannan tambayar ko Musa zai fita ko ba zai fita ba ta dawo da shi gobe. Abin da akun yake yi wa Musa shi ne littafin yake yi wa mai karanta shi. Idan kuma aka yi mako ba a buɗe shi ba saboda jarrabawa ko tafiya, ba a yi hasarar komai ba, sai a ɗora daga labari na gaba. Zane-zanen da ke ciki su ma suna taimakon yaron da bai taɓa ganin fada da dogarai da barade ba sai a hotunan hawan salla.

Ta fuskar harshe, kada a ruɗe ki da cewa ɗayansu mai sauƙi ne ƙwarai. Dukansu Hausar shekarun 1930 ce, cike da karin magana da kirari da sunayen sarautu da kayan doki da na yaƙi, abubuwan da yaron da ya tashi tsakanin Kubwa da Gwarimpa bai saba ji ba. Sai dai wahalar tasu ba iri ɗaya ba ce. A Magana Jari Ce, baƙuwar kalma takan zo a cikin jimlar da ke nuna ma'anarta, kuma labarai da yawa an gina su ne a kan karin magana guda, har ma ita ce taken labarin, yadda idan yaro ya kai ƙarshe ya riga ya fahimci karin maganar ba tare da an yi masa sharhi ba. A Ruwan Bagaja kuwa, wahalar tana cikin abin dariyar kansa. Yawancin barkwancin yana bukatar mai karatu ya san yadda malaman zaure suke, da yadda ake shari'a a gaban alƙali, da yadda mai ƙaryar malanta yake jefa Larabci cikin magana don ya ruɗi jama'a. Akwai wurin da Alhaji, wanda ba shi da karatun kirki, ya kada Zurƙe mai ilimi a muhawara, don kawai mutanen garin ba su san karatu ba balle su gane wanda ke da gaskiya. Babba yakan yi dariya har da ƙwalla a wannan wuri, amma yaron da bai san rayuwar da ake zolaya ba zai wuce shi ba tare da ya ga abin dariyar ba, kuma barkwancin da sai an yi bayaninsa ya riga ya tashi daga barkwanci.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda na san yana ranki ko da ba ki ambata ba. Gwarzon Ruwan Bagaja mutum ne mai wayo da zamba, wanda ke cin nasara sau da yawa ta hanyar ƙarya da dabara, kuma ko da yake manufar tafiyarsa kyakkyawa ce, yaro ƙarami yakan riƙe dabarar ya saki manufar. Matashi mai shekara 14 ko 15 ya isa ya gane cewa marubucin zolayar jahilci da haɗama yake yi. Ban ce Magana Jari Ce ta kuɓuta daga abin lura ba: akwai kisa da bulala da bayi, akwai yadda ake siffanta mata da wasu ƙabilu wanda ya dace da tunanin wancan zamani fiye da namu, musamman ga yaron da abokan ajinsa suka fito daga kowane sashe na ƙasar nan. Amma da yake labaran a rarrabe suke, kina iya duba su tukuna, ki tsallake wanda ba ki so ya karanta yanzu, ko ki karanta tare da shi ki yi masa bayani, alhali a Ruwan Bagaja tsallake babi ɗaya yana yanke igiyar labarin.

Inda Ruwan Bagaja ya yi zarra shi ne sauri da zafin barkwanci, ga shi littafi ɗaya ne tak, don haka ya fi araha a kan juzu'i uku. Da a ce yaron ya yi wasu shekaru a Kano ko Zariya a hannun kakanninsa, ko ya yi nisa a islamiyya yana kuma karanta Hausa ba gargada, da ban hana a fara masa da shi ba.

Abin da ya fi zaɓin littafin muhimmanci shi ne yadda za a karanta shi, kuma a nan ne iyaye da yawa a Abuja suke karaya. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka mai karatu yana gane kalma ne idan kunnensa ya riga ya san ta. Wanda bai taɓa jin kalmar ba zai furta ta a karkace, ya kasa gane ta ko da ya san ma'anarta. Ƙari a kan haka, yaron da ya fara karatu da Turanci yakan ɗauko ƙa'idar can ya ɗora a nan, sai baƙaƙe irin su c da ts da ƙ da ɗ da ɓ su yi ta ba shi wahala a makonnin farko. Maganin abin shi ne karatu a bayyane: ke ko mahaifinsa ku karanta masa labari ɗaya da murya yana bin rubutun da ido, washegari shi ya maimaita muku wannan labarin. Idan kin ga har yanzu haɗa baƙi yana yi masa nauyi, ki haɗa masa da ƙananan littattafan nan na koyon karatu, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, ya yi mako biyu ko uku a kansu, ko da zai ga kamar an mayar da shi aji ɗaya. Za ki kuma lura cewa tsofaffin bugu suna raba wasu kalmomin da ƙa'idar rubutu ta yanzu take haɗawa, kamar "ya ke" a maimakon "yake". Ki gaya masa tun farko don kada ya ɗauka kuskure ne. Domin kalmomin da za su shige muku duhu ku duka, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayani da Hausa, kuma ya cancanci zama a gida.

Game da kwafin waya, amfaninsa ɗaya shi ne samuwa nan take, amma illolinsa sun fi yawa. Wasu hotunan shafuka ne aka ɗauka, sun dushe, wasu shafukan sun ɓace. Wasu kuma wani ne ya sake buga su a kwamfuta ya zubar da ƙugiyoyin baƙaƙe, alhali su ne ainihin abin da yaron yake bukatar idonsa ya saba da su. Yaron da ya koyi karatu a irin wannan kwafi haka zai riƙa rubutawa, kuma gyaran daga baya yana da wuya. Sannan akasarin waɗannan kwafe-kwafe ba da izinin masu haƙƙi ake yaɗa su ba. Mawallafin littattafan shi ne kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya, wanda aka kafa a 1966, kuma sai a yi hattara a nan Abuja, domin idan kika ambaci sunan, kowa kamfanin man fetur zai ɗauka. Bayan wannan duka, wayar da ke ɗauke da littafin ita ce ke ɗauke da wasanni da bidiyo, kuma ba adalci ba ne a sa aku mai ba da labari a rubuce ya yi takara da su a hannun ɗan shekara 11.

Samun na takarda a Abuja yana bukatar ɗan bincike, domin manyan kantunan littattafai sun fi karkata ga na Turanci. Ki tambayi masu sayar da littattafan makaranta a kasuwar Wuse, da masu baje littattafai a kewayen Babban Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, waɗanda ko ba su da shi a hannu sukan iya sa a kawo musu. Hanya mafi tabbas ita ce ki yi saƙo ga wani ɗan'uwa a Zariya ko Kaduna, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya saya ya ba direba ya kawo tashar Jabi ko Zuba. Tun da bugun jabu ya yi yawa a kasuwa, ki roƙi mai sayen ya buɗe littafin kafin ya biya: ya bi lambobin shafuka ya tabbatar ba a tsallake ko maimaita wasu ba, ya duba ko tawadar ta fito sosai har ana bambanta ƙ da k, ya kuma ja bangon a hankali ya ga ko ɗinkin zai jure hannun yaro. Ya kuma duba bango ya tabbatar littafi na ɗaya ne, domin masu sayarwa sukan miƙa wanda ya rage musu, alhali na biyu, inda akun yake gasar labari da wani aku, da na uku, inda yake horar da ɗansa Fasih, dukansu sun ɗauka mai karatu ya riga ya san yadda aka yi tsuntsu ya zama Waziri.