Sharhi kan rangadin tsofaffin wuraren ibada na Madhya Pradesh da wani kamfanin Bhopal ke shiryawa

Kamfanonin yawon buɗe ido da dama a birnin Bhopal, hedikwatar jihar Madhya Pradesh da ke tsakiyar ƙasar Indiya, suna sayar da tsarin rangadin tsofaffin wuraren ibada wanda ya haɗa mota da direba da ɗan jagora da masauki a kan farashi guda. Na bi irin wannan rangadi da ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin a lokacin sanyi, kuma hukuncina a kansa ya kasu biyu. Sashen da ya shafi Bhopal da kewayenta ya cancanci kuɗin da aka biya har da ƙari, amma sashen da ya kai mu Khajuraho da Ujjain an tsara shi ne domin takardar talla ta cika da sunayen wurare, ba a damu da ko matafiyi zai fahimci abin da ya gani ba.

Darajar sashen farko ta rataya ne a wuyan ɗan jagoran da kamfanin ya haɗa mu da shi, wani dattijo ɗan asalin birnin mai lasisin aikin, wanda ya fara da mu daga masallacin Taj-ul-Masajid. Masallacin yana cikin mafiya girma a Indiya, an gina shi da jan dutse, yana da manyan ƙubbobi uku da dogayen hasumiyoyi biyu da tafkin alwala a tsakiyar haraba. Kowa zai iya ganin wannan da idonsa ba tare da ya biya kowa ba. Abin da muka biya shi ne bayanin cewa mace ce ta aza harsashinsa, wato Shah Jahan Begum wadda ta mulki Bhopal daga 1868 zuwa 1901, cewa aikin ya tsaya shekaru masu yawa saboda ƙarancin kuɗi, kuma sai a 1971 aka koma kansa har aka kammala a 1985. Daga nan ya warware mana tarihin sarakuna mata huɗu Musulmi da suka riƙe ragamar wannan masarauta tsakanin 1819 da 1926. Ya kai mu masallacin Juma'a da Qudsia Begum ta gina a tsakiyar tsohuwar kasuwa, sannan Moti Masjid na 'yarta Sikandar Begum wanda aka gina a 1860. Ya kuma ambata cewa Shah Jahan Begum ce ta ba da kuɗin gina masallacin Woking na Ingila a 1889, shi ya sa yake ɗauke da sunanta har yau.

Ban gane hikimar fara rangadin da waɗannan sarakuna ba sai da muka isa Sanchi, kimanin kilomita 46 daga Bhopal. A kan wani tudu akwai babban ginin mabiya addinin Buddha da ake kira stupa, mai siffar ƙwarya da aka kife, faɗinsa kimanin mita 36, tsayinsa kimanin mita 16. Sarki Ashoka ne ya fara gina shi da tubali a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka faɗaɗa shi da dutse, aka kuma kafa masa ƙofofi huɗu masu sassaƙa. Dattijon ya tsayar da mu a gaban kowace ƙofa, ya nuna mana cewa masassaƙan wancan zamani ba su zana Buddha a siffar mutum ba, sai dai su wakilta shi da sawun ƙafa ko bishiya ko karagar da babu kowa a kanta, ya kuma nuna rubutun da ke ƙofar kudu wanda ya shaida cewa masu sassaƙa hauren giwa na garin Vidisha sun yi aiki a kanta. Wannan ne ya sa zanen ya yi ƙanƙanta da tsafta duk da cewa a jikin dutse yake. Sai ya ɗaure zancen da inda ya faro: a ƙarni na 19 Faransawa da wasu Turawan Ingila sun nemi a kwashe ƙofar gabas zuwa gidajen tarihinsu, daga ƙarshe suka haƙura da kwafi, kuma Shah Jahan Begum da magajiyarta Sultan Jahan Begum ne suka zuba kuɗi wajen adana wurin. Sultan Jahan ce ta ɗauki nauyin gidan tarihin da aka kafa a wurin, a zamanin da John Marshall, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, ya jagoranci gyaran da aka yi daga 1912 zuwa 1919. Hukumar UNESCO ta sanya Sanchi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989, kuma hotonsa ne a bayan takardar rupi 200. A ganina duk wanda ya zaga wannan tudu babu mai yi masa irin wannan bayani ya yi asarar rabin tafiyarsa.

A Bhojpur, wani gari kusa da Bhopal, ma an ba mu isasshen lokaci. Haikalin mabiya addinin Hindu da Sarki Bhoja ya fara a ƙarni na 11 bai kammalu ba, kuma rashin kammaluwar ce ta sa ya fi koyarwa, domin har yanzu ana ganin zanen tsarin ginin da magina suka karta a kan duwatsun da ke kewaye, da gangaren ƙasa da suka tara domin hawar da manyan duwatsu sama. Dole kuma in yaba wa dattijon a kan ladabi. Tun kafin mu shiga ya bayyana mana abin da ke ziyara da abin da ke ibada, ya ce babu tilas a karɓi jan alamar da ake ɗigawa a goshi ko abincin da aka miƙa wa abin bauta, kuma shi da kansa ya yi wa masu kula da wurin bayani cikin mutunci, ta yadda ba mu ɓata wa kowa rai ba, ba mu kuma taɓa abin da addininmu ya hana ba. Direban ma yana tsayawa lokacin salla da zarar an nema, abincin halal kuwa ba shi da wuyar samu a Bhopal.

Matsala ta fara ne da aka bar dattijon a Bhopal. Khajuraho tana da nisan fiye da kilomita 350 ta arewa maso gabas, Ujjain kuwa tana yamma, don haka haɗa su a tsari guda yana nufin yini a cikin mota da ziyara a gurguje. Mun isa Khajuraho rana ta yi sanyi, aka miƙa mu ga wani matashin ɗan jagora wanda bai ga abin nunawa ba sai sassaƙen tsiraici da wurin ya yi suna da su. Waɗannan sassaƙe ba su wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ke jikin bangon haikalan garin ba, amma suna nan a fili, kuma kamfanin bai gargaɗi kowa ba tun farko, alhali akwai masu tafe da iyali. Wannan sakaci ne babba. Abin takaici kuma shi ne wurin ya fi ƙarfin a taƙaita shi a haka. Sarakunan Chandela ne suka gina mafi yawan haikalan tsakanin 950 da 1050, ana cewa sun kai 85, kimanin 25 suka rage. Mafi girmansu, Kandariya Mahadeva, ya kai kimanin mita 31, kuma an harhaɗa duwatsunsa ne ta hanyar sarƙa su cikin juna ba tare da abin liƙi ba. Ibn Battuta ya ambaci garin a littafin tafiye-tafiyensa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da matashin ya faɗa, kuma haikalan mabiya addinin Jain da ke rukunin gabas, ciki har da na Parshvanatha, ko leƙa su ba mu yi ba, duk da an sami lokacin tsayar da mu a shagon sayar da kayan tsaraba.

Ujjain ba zan daɗe a kanta ba. Haikalin Mahakaleshwar na mabiya addinin Hindu wurin bauta ne mai rai, cike da dubban masu ziyarar ibada, musamman tun da aka buɗe sabuwar harabarsa a 2022, kuma birnin yana karɓar babban taron ibada na Kumbh Mela duk bayan shekara 12 a bakin kogin Shipra. Sauke baƙon da ba mabiyin addinin ba a bakin irin wannan cunkoso, babu ɗan jagora, bai amfani baƙon ba, bai kuma girmama masu ibadar ba.

Game da kuɗi, mota da masauki sun yi daidai da abin da aka yi alkawari: ɗakuna masu tsafta, da karin kumallo na poha (wani abincin shinkafa) da jalebi (soyayyen kayan zaƙi) wanda mutanen yankin suka saba da shi. Sai dai kuɗin shiga Sanchi da Khajuraho ba ya cikin farashin, kuma ba a faɗa ba sai a bakin ƙofa, alhali abin da baƙo ke biya ya ninka na ɗan ƙasa fiye da sau goma. Shawarata ga ɗalibanmu da ke karatu a Indiya da sauran masu niyya ita ce su sayi sashen Bhopal da Sanchi da Bhojpur kaɗai, su nemi a rubuta musu cewa ɗan jagora mai lasisi zai kasance tare da su a kowane wuri, da jerin abin da farashin bai ƙunsa ba. Wanda ke son ganin Khajuraho gara ya hau jirgin ƙasa zuwa Jhansi, ya kwana a Orchha da ke bakin kogin Betwa, sannan ya ƙarasa da safe ya ba wurin cikakken yini. Lokacin da ya dace shi ne daga Oktoba zuwa Maris, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma yawancin waɗannan wurare sai an tuɓe takalmi ake taka dutsensu.