Fred Astaire ko Gene Kelly: da wa za ki fara?

'Yar'uwa, kin ce kin ci karo da wani guntun bidiyo na Bature yana rawa da laima cikin ruwan sama, kika kalla har sau biyar, sai aka ce miki akwai wanda ya fi shi. Kina son sanin bambancinsu, da kuma dalilin da ya sa rawar da ta haura shekara 70 har yanzu take kama zuciya.

Mai laimar nan Gene Kelly ne, a fim ɗin Singin' in the Rain na 1952, kuma da zazzaɓi a jikinsa ya yi wannan rawar. Wanda aka ce ya fi shi Fred Astaire ne. Astaire ne babba, an haife shi 1899, Kelly kuwa 1912.

Astaire siriri ne, kamar iska za ta ɗauke shi. Tun yana yaro yake rawa a dandali tare da yayarsa Adele, har ta yi aure a 1932, sannan ya koma fim. Shigarsa ta masu hali ce, doguwar malafa da kwat mai jela da sanda. Idan yana rawa ba ki ganin wahala ko kaɗan, sai ki rantse tafiya kawai yake yi kiɗa ya biyo shi, alhali makonni yake kwashewa yana gwaji shi da abokin aikinsa Hermes Pan. Ya yi finafinai 10 da 'yar wasa Ginger Rogers, abokiyar rawarsa, kuma a cikinsu rawa ce ke ɗaukar zancen soyayya. Ki duba Swing Time na 1936, wajen da za su rabu: ba su yi doguwar magana ba, ƙafafunsu ne suka yi bankwanan. Duk ranar da na sake kallon wurin sai jikina ya yi sanyi.

Kelly kuwa ƙaƙƙarfa ne, ƙirar 'yan wasan motsa jiki, ɗan Pittsburgh garin masana'antun ƙarfe. Ya fi son ya fito a sojan ruwa ko talakan gari, da riga mai gajeren hannu da farar safa. Shi ba ya ɓoye ƙarfin da yake sawa, za ki ga cinya da kafaɗa suna aiki. Kuma yana son gwaje-gwaje. A 1945 ya yi rawa da ɓeran katun ɗin nan Jerry da yaranmu suka sani, a Summer Stock na 1950 kuma tsohuwar jarida da katakon daɓe mai ƙara su ne kayan kiɗansa. Fim ɗinsa An American in Paris na 1951 ya rufe da rawa ta kimanin minti 17, kuma fim ɗin ne ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim.

Inda suka fi rabuwa shi ne kyamara. Astaire ya dage a nuna mai rawa daga kai har ƙafa, a bar hoton ya tafi ba a yanka shi gunduwa-gunduwa ba. Ko da ya hau bango da silin yana rawa a Royal Wedding na 1951, ɗakin aka gina yana juyawa tare da kyamarar, shi kuma yana bin juyin da ƙafarsa. Kelly, da yake darakta ne, ya sa kyamarar ita ma ta riƙa motsi, tana binsa a titi, tana ɗagawa sama. Amma shi ma bai yarda a ɓoye ƙafa ba. A ganina wannan ne sirrin da kike tambaya. Ido yana gane gaskiya. Idan mutum ya yi minti uku yana abu mai wuya kina ganin jikinsa gaba ɗaya, babu dabarar tacewa da za ta rufa masa asiri, dole ki nutsu.

Kada kuma mu manta da masu asalin abin. Rawar buga takalmi mai ƙarfe a ƙasa, wadda Astaire da Kelly duka suka yi fice da ita, baƙaƙen fatar Amurka suna da kaso mafi tsoka wajen raya ta. Ki nemi 'yan'uwan nan biyu, Nicholas Brothers, a Stormy Weather na 1943, ki ga yadda suke sauko da matakala suna tsallake juna.

Astaire da Kelly su kansu babu gaba tsakaninsu. Lokacin da Kelly ya karye a idon sawu, Astaire ne ya dawo daga ritaya ya maye gurbinsa a Easter Parade na 1948.

Shawarata, ki fara da Kelly. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, muka ga Raj Kapoor da Nargis ƙarƙashin laima ɗaya, farin cikinsa da kalolinsa ba za su yi mana baƙunta ba. Ki gama fim ɗin laimar nan daga farko har ƙarshe tukuna. Bayan nan ki sami dare mai shiru ki sa Swing Time, baƙi da fari ne amma kada hakan ya kore ki. Ni kaina ta Kelly na shiga, amma yau na Astaire nake yawan maimaitawa.