Elite Prospects da zaɓen matasan 'yan hokin ƙanƙara na Ontario: abin da shafin yake bayarwa da inda ya tsaya

A lardin Ontario na ƙasar Kanada, shekarar da yaro mai buga hokin ƙanƙara zai cika 16 ita ce shekarar da ake auna shi, domin a cikinta ne ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta OHL suke zama su zaɓi waɗanda za su ɗauka. Ƙungiyoyi 17 daga cikinsu suna Ontario, uku kuma suna Amurka, wato Flint da Saginaw a jihar Michigan da Erie a jihar Pennsylvania. Ana yin zaɓen zagaye 15, abin da ke nufin kimanin yara 300 ne ake kiran sunayensu, kuma yawancinsu suna da shekara 15 ne a lokacin da masu farautar 'yan wasa suke zaune a kujerun sanyi na filayen wasa suna rubuta abin da suka gani. Na bi kakar wasa guda ta wannan rukuni saboda ɗan wani maƙwabcina yana ciki, kuma shafin da na fi buɗewa a tsawon lokacin shi ne Elite Prospects. Na yi amfani da ɓangarensa na kyauta, daga baya na biya kuɗin shiga ɓangaren da suke kira Premium, don haka ina da abin faɗa a kan dukansu biyu.

Shafin ya samo asali ne daga ƙasar Suwidin a shekarar 1999, kuma a yau babu wani kundi na 'yan wasan hoki da aka fi komawa gare shi. Idan ka rubuta sunan ɗan wasa, za a nuna maka ranar haihuwarsa da garin da aka haife shi, da tsawonsa da nauyinsa, da gurbin da yake bugawa, da ɓangaren da yake riƙe sanda, hagu ko dama. A ƙasa kuma akwai jerin kakanni, kowace da ƙungiyar da ya buga wa, da yawan wasanni, da ƙwallayen da ya ci, da waɗanda ya taimaka aka ci, da jimillar maki, da mintocin da ya yi a benci na hukunci. Har 'yan uwansa da suka buga wasan ana nunawa, ta yadda daga shafin yaro za ka iya tsallakawa zuwa na mahaifinsa ko na wansa. Duk wannan kyauta ne, kuma tsarin shafin ba shi da wuyar ganewa ko da a wayar hannu, sai dai mai amfani da ɓangaren kyauta zai yi haƙuri da tallace-tallace.

Amfanin da na fi samu bai shafi yaran bana ba, ya shafi na baya ne. Shafin yana ajiye jerin kowane zaɓe na OHL shekara bayan shekara, tare da abin da kowane yaro ya yi bayan an ɗauke shi, kuma wanda ya ba da dare ɗaya yana karanta waɗannan jeri zai fahimci wannan sana'a fiye da wanda ya saurari maganganun iyaye a bakin fili wata uku. A nan ne za ka ga Connor McDavid da maki 209 a wasa 88 da ya yi wa Toronto Marlboros a kakar 2011 zuwa 2012, kafin Erie ta ɗauke shi na farko. A nan ne kuma za ka ga Mark Scheifele, wanda sai a zagaye na bakwai Saginaw ta zaɓe shi a 2009, amma bayan shekara biyu kacal Winnipeg ta ɗauke shi na bakwai gaba ɗaya a zaɓen babbar gasar NHL. Claude Giroux, ɗan garin Hearst da ke arewacin Ontario, babu ƙungiyar OHL da ta zaɓe shi ko kaɗan, sai ya tafi Gatineau a gasar lardin Quebec, kuma a 2006 Philadelphia ta ɗauke shi a zagayen farko. A ɗaya gefen akwai Sean Day, wanda aka ba izini na musamman ya shiga OHL shekara guda kafin sa'anninsa a 2013, amma da zaɓen NHL na 2016 ya zo, sai a lamba ta 81 New York Rangers ta kira shi. Mai karatu daga Nijeriya zai kuma ci karo da Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene a 1989, Windsor ta ɗauke shi a zagayen farko na 2005.

Abu na biyu da shafin ya buɗe mini ido a kai shi ne ranar haihuwa, wadda yake rubutawa cikakkiya, ba shekara kaɗai ba. A hokin yara na Kanada ana raba rukuni ne daga 1 ga Janairu, saboda haka yaron da aka haifa a farkon Janairu da wanda aka haifa a ƙarshen Disamba suna wasa tare, alhali tsakaninsu akwai kusan shekara guda, kuma a shekarun balaga wata 11 ba ƙaramar tazara ba ce a tsawo da ƙarfin ƙashi. Tun a 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun fi yawa a manyan matakan wasan. Da shafin a hannunka kana iya gwada wannan da kanka. Daga 2005 zuwa 2022 yara shida ne aka ba izinin shiga OHL da wuri: John Tavares da Aaron Ekblad da McDavid da Day da Shane Wright da Michael Misa. Biyar daga cikinsu an haife su a Janairu ko Fabrairu, Tavares kaɗai ne ɗan Satumba. Wannan bai rage komai daga baiwarsu ba, amma ya koya mini cewa idan na ga yaro ƙarami ɗan Nuwamba yana riƙe da matsayinsa a tsakanin manyan sa'anninsa, ya kamata in ƙara dubansa da kyau.

Inda shafin ya tsaya kuwa, a wurin da lissafi da kansa yake tsayawa ne. Ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shekara 16 na mataki mafi girma, wanda ake kira AAA, ba a gasa ɗaya suke ba. Akwai GTHL ta birnin Toronto da kewaye, inda irin su Marlboros da Don Mills Flyers da Jr. Canadiens da Vaughan Kings suke, akwai OMHA ta garuruwa da dama na kudancin lardin, akwai Alliance a kudu maso yamma, akwai yankin Ottawa, akwai kuma na arewa. Maki 60 a wata gasa ba daidai suke da maki 60 a wata ba, kuma yaron da ake saka shi cikin fili tare da gwanin ƙungiya zai tara maki da yawa waɗanda rabinsu albarkacin abokinsa ne, kamar yadda ƙadangare yake shan ruwan kasko albarkacin kaza. A hoki ana iya rubuta wa mutum biyu taimako a kan ƙwallo ɗaya, kuma a wasannin yara abin da alƙalin wasa ya faɗa wa mai rubutu shi ake shigarwa, ko ya ga abin da kyau ko bai gani ba. Tsawo da nauyi ma haka suke, domin yaro ɗan shekara 15 yana iya ƙara santimita da yawa tsakanin Satumba da Maris, kuma adadin da ke kan kowane shafi hoton ranar da aka auna shi ne. Waɗannan matsaloli sun samo tushe ne daga yadda ake tattara bayanan wasannin yara, kuma duk wani kundi da ya dogara da su zai gaje su.

Abin da masu farauta suke nema kuma, yawancinsa ba ya shiga cikin jeri. Farkon abin da suke dubawa shi ne gudu a kan ƙanƙara: yadda yaro yake tashi a taku uku na farko, yadda yake juyawa a kan kaifin takalminsa ba tare da ya rage gudu ba, da yadda ɗan baya yake gudu da baya yana fuskantar mai kawo hari. Sai kaifin fahimtar wasa, wato ko yana ɗaga kai ya leƙa bayansa kafin faifan, wato ɗan abin da ake bugawa da sanda a maimakon ƙwallo, ya iso gare shi, ko kuwa sai ya karɓa sannan ya fara tunanin inda zai kai. Suna duban abin da yake yi a lokacin da faifan ba ya wurinsa, da ko yana komawa baya da gudu idan an ƙwace, da ko yana shiga lungun fili inda ake cin karo da jiki, da yadda yake zama a benci bayan koci ya yi masa faɗa ko bayan an ci ƙungiyarsa uku a jere. Ɗan baya nagari yana iya gama wasa ba shi da maki ko ɗaya alhali shi ne ya hana a ci su, kuma a shafinsa sifili kawai za ka gani. Mai tsaron raga ya fi kowa shan wannan wahala, domin lissafinsa ya rataya ne a kan irin 'yan bayan da ke gabansa. Saboda haka ne gasar OHL Cup, wadda ake yi a yankin Toronto gab da ƙarshen kaka, take da nauyi sosai: a can ne ƙungiyoyi daga gasanni daban-daban suke haɗuwa a gaban idon kowa, kuma a can ne Misa ya tara maki 20 a wasa bakwai a 2022 ya karya tarihin McDavid. Mai son ganin wasa da idonsa ba tare da ya je fili ba, sai ya haɗa da wani abu kamar LiveBarn, mai kyamarori a filaye da dama, domin Elite Prospects kundi ne, ba gidan kallo ba.

Akwai kuma wani abu da mai karanta tsofaffin jeri ya kamata ya riƙe a ransa. Shekaru da dama, yaron da ya buga wa ƙungiyar OHL yana rasa damar buga wa manyan jami'o'in Amurka a ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, don haka ƙungiyoyi sukan yi jinkirin zaɓen gwanin da suka ji iyayensa sun karkata ga jami'a, har ya faɗo zagaye na can ƙasa ba don rashin iyawa ba. A Nuwamban 2024 NCAA ta soke wannan doka, kuma sabon tsarin ya fara aiki a Agustan 2025. Lambar zagayen da ke gefen sunan yaro a jerin shekarun baya ba koyaushe take nuna yadda aka kimanta shi ba, kuma shafin ba zai gaya maka dalilin da ke bayan kowace lamba ba.

Game da ɓangaren da ake biya, ra'ayina ya kasu biyu. Yana cire tallace-tallace, yana ba da hanyoyin tace bincike masu zurfi, yana buɗe rubuce-rubucen sharhi na masu shafin da littafin da suke fitarwa duk shekara kafin zaɓen NHL, inda suke ba kowane ɗan wasa maki daga 1 zuwa 9 a kan gudu da harbi da miƙa faifai da sarrafa shi da fahimtar wasa da ƙarfin jiki. Wannan littafi na 'yan shekara 17 da 18 ne, ba na rukunin da nake bi ba, amma daga gare shi na koyi yadda ake rarraba wasan yaro gida-gida maimakon a ce kawai ya iya ko bai iya ba, kuma wannan kaɗai ya biya mini kuɗina. Ɗan wasa kuma yana iya karɓar ragamar shafinsa, ya gyara bayanansa, ya ɗora bidiyo. Wannan yana da amfani ga yaron da yake wasa a ƙaramin gari mai nisa, ko wanda zaɓen ya wuce shi yana neman ƙungiya a ƙananan gasannin matasa, ko a Turai. Yaron da yake buga wa babbar ƙungiya a GTHL kuwa, masu farauta sun riga sun gan shi sau da yawa da idonsu kafin hunturu ya raba, kuma ba na jin bidiyon mintuna uku na ƙwallayen da ya fi so zai sauya abin da suka rubuta a kansa.

Ga mahaifi ko mahaifiya da ke son sanin inda ɗansu ya tsaya, ɓangaren kyauta ya wadatar, da sharaɗin kada su mai da shi abin buɗewa bayan kowane wasa suna kwatanta makin ɗansu da na ɗan wani, domin na ga yadda hakan yake ɓata hira a mota a kan hanyar komawa gida. Ga koci ko marubuci ko mai koyon farautar 'yan wasa, ina ganin biyan kuɗin ya dace, musamman a watannin da ke gab da zaɓe. Ni kaina na bar rajistata ta ƙare bayan an kammala zaɓen, na koma ɓangaren kyauta, kuma har yanzu a can nake duba ƙungiyar da ɗan maƙwabcina yake bugawa da yawan wasannin da ya yi a wannan kaka.