Sikelin kicin ya raba ni da rigimar kofi wajen awon cakulan

Wannan ƙaramin sikelin kicin ne mai batir, irin wanda ke ɗaukar har kilo 5 kuma yana nuna giram ɗaya-ɗaya. Saboda kukis na saye shi, kuma 'yar uwa, in kina yin na sayarwa, ki nemi naki.

Yawancin girke-girken kukis da muke bi daga Amurka suka fito, su kuwa da kofi suke awo. Shahararren nan na Toll House da ake bugawa a bayan ledar Nestlé cewa yake a zuba kofi 2 na ƙwayoyin cakulan, wato leda guda mai oza 12. Ledar nan giram 340 ce. Ke nan kofi ɗaya giram 170, rabin kofi 85, kofi ɗaya da rabi 255. Na rubuta waɗannan a takarda na manna jikin kabad. Mutane da dama suna ɗauka kofi oza 8 ne ko me aka zuba a ciki, alhali wannan awon ruwa ne. Ƙwayoyin cakulan suna barin sarari a tsakaninsu, shi ya sa kofinsu ya tsaya a oza 6. Wadda ta lissafa da 8 za ta zuba kusan giram 227, ta ƙara giram 57 a kowane kofi, a kayan da ya fi komai tsada a cikin kwaɓin.

Sannan wane kofin ma? Na Amurka mililita 237 ne, na Ostareliya 250. Gwangwanin madarar da muka saba awon fulawar cincin da shi bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya fi sa na yarda da sikelin shi ne zafin garinmu. A watan Afrilu cakulan ba ya zama a waje, sai firji, in kuma wuta ta ɗauke ya ɗan narke ya sake daskarewa, ya dunƙule kamar curin daddawa. Ki cusa wannan a kofi ki ce kin auna? Rabin kofin iska ce. Haka in babu ƙwayoyin a shago na sayi na sanda na daddatsa da wuƙa, wani yanki babba wani gari-gari, kofi ba ya faɗin gaskiya. Sikeli kuwa babu ruwansa da siffa, 170 ɗin nan dai ita ce 170.

Akwai maɓallin da ke mayar da lamba sifiri bayan an ɗora roba. Da shi nake auna komai a mazubi ɗaya: bota giram 227, in danna, sukari, in danna, sai fulawa. Wanke-wanke ya ragu sosai. Fulawar ma ta fi cakulan buƙatarsa, domin kofinta yakan tashi daga giram 120 zuwa sama da 140 idan aka danna ta, kukis ya fito da tauri.

Sikelin yana da nasa aibin. Yakan kashe kansa da wuri, kina cikin fasa ƙwai ki waiwayo ki tarar lambar ta tafi. In robar mai faɗi ce tana rufe fuskar, sai kin sunkuya. Ƙananan abubuwa irin gishiri da bakar hoda ba ya kama su da kyau, don haka cokalin awo na nan a wurinsa. Ki kuma duba irin batirin kafin ki biya, mai cin AAA ya fi sauƙi, ana samunsa a kowane shagon unguwa, mai zagayen nan kamar kwabo kuwa sai an shiga kasuwa.