Jitar lantarki ta blues-rock: wane faifai za ka fara saye?

Idan kunnenka ya saba da jitar Bombino ko ta Mdou Moctar, 'yan Nijar ɗin nan, kana kuma son ka ji yadda ake sa jitar lantarki kuka a Amurka da Ingila, faifai huɗu ne zan sa maka a gaba daga salon blues-rock, wato kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka da aka gauraya da kiɗan rock mai ƙara. Kowannensu ya cancanci kuɗinsa, sai dai ba kowanne ne ya dace da mai farawa ba.

Wanda aka fi yi wa mutane talla shi ne Texas Flood na Stevie Ray Vaughan, wanda ya fito a 1983. Mutum uku ne kacal a ƙungiyar: Vaughan da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster, Tommy Shannon a kan bas, wato jita mai kaurin murya, Chris Layton a kan ganguna. Cikin kwana uku suka naɗe shi a situdiyon mawaƙi Jackson Browne da ke Los Anjalas, kuma kunne yana jin hakan, domin babu kwalliya, kamar kana tsaye a bakin ƙofa suna kaɗawa. Vaughan yana ɗaura tsirkiya masu kauri fiye da na yawancin makaɗa, ya ɗan sassauta su, shi ya sa sautinsa ke da nauyi da tsatsa. Waƙar "Pride and Joy" tana sa kai kaɗawa, "Lenny" kuwa, wadda ya yi wa matarsa, babu murya a cikinta ko kaɗan, jita ce zalla a hankali. Abin da zan faɗa maka tun kafin ka biya shi ne Vaughan ba ya barin fili. Yatsunsa gudu suke yi, kuma wanda bai saba ba zai iya gajiya kafin a kai tsakiya. Ya rasu a 1990 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, yana da shekara 35.

Na biyu daga Ingila yake: Blues Breakers with Eric Clapton, na John Mayall, 1966. A nan ne Clapton ya haɗa jitar Gibson Les Paul da amfilifayar Marshall ya ƙure mata murya har sautin ya soma dusashewa ya yi kauri, kuma makaɗan rock da yawa wannan sautin suka yi ta bi daga baya. Akwai waƙoƙin aro daga makaɗan blues na Amurka, Otis Rush da Freddie King da Robert Johnson. Jitar tana da zafi ƙwarai, amma muryar Mayall siririya ce, ba kowa take wa daɗi ba. Idan CD za ka saya, nemi bugun da ke ɗauke da naɗin mono, wato wanda aka haɗe duk kayan kiɗan a sauti guda, domin a haka ya fara fitowa kuma jitar ta fi tsayawa a gaba.

At Fillmore East na Allman Brothers Band wani lamari ne daban. A gaban 'yan kallo aka naɗe shi a birnin Niyok a watan Maris na 1971, da masu jita biyu, Duane Allman da Dickey Betts, da masu ganga biyu. Duane yana sa 'yar kwalbar magani a yatsa yana zame ta a kan tsirkiya, sautin ya fito kamar na goge. Waƙar "Whipping Post" ita kaɗai ta haura minti ashirin, ta cinye fuska guda ta faifan garmaho. Ina ƙaunar wannan faifan, amma yana son zama da natsuwa. Ba na cikin mota ba ne, kuma faifai biyu ne a kwali ɗaya, don haka yawanci ya fi sauran tsada. Ajiye shi sai kunnenka ya nuna.

Ni dai da za a ce kuɗin faifai ɗaya kawai gare ka, Born Under a Bad Sign na Albert King zan ce ka ɗauka. Kamfanin Stax na birnin Memfis ya fitar da shi a 1967, ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s ke riƙe masa kiɗa, ga masu busa suna amsa masa. Wasu za su ce ai wannan blues ne tsantsa, ba a kai ga rock ba tukuna. Gaskiya ne, amma daga wannan rijiyar sauran suka sha. Ƙungiyar Cream ta Clapton ta sake rera waƙar da faifan ya ci sunanta a 1968, Vaughan kuwa bai taɓa ɓoye cewa Albert King ubangidansa ne a wannan sana'a ba, har sun zauna tare sun yi kiɗa a wani gidan talabijin na Kanada a 1983.

King bahago ne. Jitar na-dama yake ɗauka, ƙirar Gibson Flying V, ya juya ta ba tare da ya sake jera tsirkiyoyin ba, siriran suka koma sama. Saboda haka inda wasu ke tura tsirkiya sama da yatsa, shi janyo ta ƙasa yake yi, hannu kuma ya fi ƙarfi wajen ja. Shi ya sa sauti guda a hannunsa yake miƙewa ya lanƙwasa kamar mai kukan zuci. Ba ya yawan surutu da jita. Zai buga sauti huɗu ko biyar, ya yi shiru, masu busa su cike gurbin, sannan ya dawo. Wanda ya taso yana jin yadda makaɗi da 'yan amshi ke miƙa wa juna magana ba zai sha wuyar gane wannan tsarin ba. Waƙoƙin kuma gajeru ne, yawancinsu minti biyu zuwa huɗu.

Kafin ka fitar da kuɗi, saurari "Crosscut Saw" daga faifan King da "Pride and Joy" daga na Vaughan a YouTube ko Spotify, ɗaya bayan ɗaya, da abin sauraro mai kyau a kunne. Lasifikar waya tana cinye bas, kuma rabin daɗin faifan Stax a bas ɗin Donald Dunn, na ƙungiyar M.G.'s, yake. Idan kuma faifan garmaho na hannu ka samu, ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa, ka tabbata bai lanƙwashe ba, domin zafin rana yana tanƙwara shi, kuma a gida a tsaye ake ajiye shi, nesa da taga.