Bogar ta yi daɗi, amma sun tsayar da ni a bakin kanta kamar mai laifi

Tun watan jiya ƙanwata ta ishe ni da maganar wurin cin abincin nan na GRA da kowa ke ɗora hoton bogarsa a WhatsApp. Ba sai na kama suna ba. Ita ɗalibar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ce, a Yelwa take zama, kuma a wurinta wanda bai ci bogar nan ba bai san Bauchi ta waye ba. Ni kuwa 'yar masa ce, a ba ni mai zafi da miyar taushe in zauna lafiya. Ranar Asabar da ta gama jarrabawa na ce mata shirya, yau zan fita haƙƙinki. Muka yi Magariba, muka tari Keke Napep daga Wunti.

Wurin cike yake maƙil, rabi masu kallon ƙwallo, rabi masu ɗaukar hoto. Mun kai rabin awa kafin a kawo abincin, ban damu ba, hira muke yi.

Gaskiya bogar ta ba ni kunya. Na zo da niyyar kushewa, don na saba da irin wadda ake cika wa kabeji da bama, sai ka yi ta laluben naman. Wannan naman shanu ne mai kauri, gashin gawayi, ƙamshin hayaƙin ma kaɗai ya isa. An barbaɗa masa yaji mai ƙuli-ƙuli irin na masu tsire, an soya albasa har ta yi zaƙi, cuku ya narke a kai. Sun ɗan gasa cikin burodin, shi ya sa romon bai jiƙa shi ba har loma ta ƙarshe. Dankalin kuma yankan hannu ne, da ka ci ka san na Filato ne, ba irin na leda da ake ajiyewa a firji ba. Ƙanwata tana kallona tana dariya, ta ce, "Yaya, ina masar?" Na ce ki rufa min baki, abinci nake ci. A lokacin da an ce in ba su maki, goma zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Sai aka zo biya.

Farashinsu kun sani, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 babu abin da ya tsaya a inda yake, don haka ban yi ƙorafi ba. Na ba da kati, yarinyar kanta ta ce POS ba sabis. Na ce ba komai, ba ni lambar asusu. Na tura, kuɗi suka fita, na nuna mata rasit a waya da sunan wurin da komai. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba ta ce, "Madam, ba mu ga alat ba, ki tsaya gefe." Na tsaya. Minti goma, sha biyar. Na ce 'yar uwa, ki rubuta lambata mana, in ba su shigo ba ki kira ni, gidana ba ɓoyayye ba ne. Buɗar bakinta sai ta ɗaga murya ta ce wa mai gadi, "Baba, waɗannan ba su biya ba tukuna, kar su fita."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tebur biyu suka juyo. A cikinsu har da wata mata da muke haɗuwa a Islamiyya, ta yi sauri ta sunkuyar da kai kamar ba ta gan ni ba, abin da ya fi komai ƙona min rai ke nan. Shi kansa mai gadin, dattijo ne sa'an mahaifina, kunya ta kama shi, ya jawo kujerarsa ta roba ya ce, "'Yata, zauna, sanyi ake yi." Na ce na gode Baba, a tsaye zan jira. Ga hunturu, ga ƙanwata idonta ya kawo ruwa tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Tun lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, da takardar naira ta yi wuyar gani, kowa a garin nan ya koyi karɓar tiransifa. Mai tsiren unguwarmu rasit yake dubawa ya ce je ki, Allah ya kai mu gobe. Mai kayan miya a kasuwar Muda Lawal ma haka. Amma wurin da ke da janareto da ma'aikata masu riga iri ɗaya ba su da hanyar duba asusunsu?

Bayan wajen minti arba'in manaja ya fito. Ashe wayar da alat ke shiga tana hannun mai wurin, shi kuma ba ya nan. Kira ɗaya aka yi masa ya ce ai kuɗi sun shigo tun ɗazu. Nan take na tashi daga Madam na koma Hajiya. "Hajiya, don Allah a yi haƙuri, dokar wurin ce." Ya miƙo min gorar ruwa. Yarinyar kuwa ko uffan, tana ta danna waya.

A hanyar komawa ne sauran abubuwan suka riƙa dawo min. Dankalin nan da na yaba, ai ƙirga shi za ka yi, bai cika tafin hannu ba. Zoɓon da aka kawo ƙanƙara ta fi shi yawa. Famfon wanke hannu ba ruwa, sai buta aka ajiye. Kuma saboda daren da suka ja mana, mai Keke ya ninka kuɗi, ban ma da ƙarfin yin ciniki.

Jiya ƙanwata ta kira wai ƙawayenta za su je, ko ta taho min da guda ɗaya. Na yi shiru, don har yanzu ina jin ɗanɗanon yajin nan a bakina. Na ce ki taho da ita, a ce su ƙara albasa, amma ki tsaya wajen mai POS ki ciri tsabar kuɗi kafin ki shiga, kuma ki gaishe min da Baba mai gadi.