Wane gidan gahawa za ka shiga cin abincin rana?

Rana ta take, yunwa ta taso, awa ɗaya ce kacal gare ka kafin ka koma bakin aiki. A birni, galibi wurare uku ne ke gabanka: reshen babban kamfani, gidan da ya yi tashe a Instagram, da ƙaramin gidan gahawa mai niƙa ƙwayarsa a gaban idonka. Ni na ukun nake shiga.

Reshen kamfani ba yabo ba fallasa, abin da ka sha jiya shi za ka sha gobe, abincin kuma yawanci ɗumama shi ake yi. Gidan da ake rububi don ɗaukar hoto kuwa, kuɗin fitilu da furanni kake biya.

A ƙaramin gida, kunnenka ne zai fara ba ka labari. Da ka ce a ba ka kofi ɗaya sai ka ji ƙarar injin niƙa, domin garin gahawa ba ya jira, cikin 'yan mintoci ƙamshinsa ke fara gudu. Tsaya ka kalli mai haɗawa. Zai danne garin, ya ɗaura a inji, ruwan ya zubo siriri kamar zuma na daƙiƙa 25 zuwa 30, ya ba da wajen mililita 30 da kumfa ruwan ƙasa a sama. Wannan ce espresso. In ta kwararo cikin daƙiƙa goma, tsami za ka sha. In ta daɗe tana ɗiga, ɗaci. Takardar abincinsu gajera ce, kala biyar ko shida, kuma hakan ya fi kwantar mini da hankali, don ɗan ƙaramin kicin da ya jera kala hamsin to firiza ce ke dafa masa.

Madara nake fara dubawa, saboda ta taɓa kwantar da ni. A wani gida mai layi har bakin titi, na ga an sake dafa ragowar madarar da ta jima a jug an zuba mini, ban ce komai ba, na sha. Kwana biyu cikina bai zauna ba. Tun daga ranar nake leƙa ƙarfen da ke hura tururi a cikin madara don dafa ta: in madara ta bushe ta yi ɓawo a jikinsa, juyawa nake. Ƙa'ida ita ce sabuwar madara mai sanyi ga kowane kofi, a tsaya a digiri 60 zuwa 65, a goge ƙarfen nan take. Abincin da aka jera a gilashi ma haka: mai zafi ya haura digiri 60, mai sanyi ya zauna ƙasa da 5. Abin da ke tsakani, ɗumi-ɗumi, nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

Sai algus, wanda ya yi yawa a harkar nan. Za ka ga an rubuta Arabica zalla a allo, wato nau'in gahawa mai tsada, alhali an cakuɗa da Robusta, nau'i mai araha, wadda ta fi ɗaci kuma sinadarinta mai hana barci (caffeine) ya kusa ninka na Arabica. Kada kaurin kumfa ya ruɗe ka, Robusta ta fi yin kumfa. Ka ce a nuna maka jakar ƙwayar, ka nemi ranar da aka gasa ta, ba ranar lalacewa ba. Mai gaskiya da murna zai miƙo maka. Niƙaƙƙen gari kuma ana haɗa shi da saiwar wani tsiro mai suna cikori ko gasasshen hatsi. In za ka saya ka tafi da shi gida, barbaɗa kaɗan a ruwan sanyi: gahawa za ta yi iyo na ɗan lokaci, cikori zai nutse ya rina ruwan nan da nan.

Yabon intanet ma saye ake yi, har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa dokar hana sharhin bogi a 2024. Taurari biyar da suka sauko rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, wuce su. Karanta masu taurari uku, su ne suka zauna suka ci. Kafin ka biya kuma, bi rasit layi-layi, don wasu na cusa kuɗin hidima a ƙasa sannan su sake neman tukuici.